Hancin Kawu da kwalaben feshi uku

Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ya haura sittin da biyar, kuma in ka gan shi da sassafe lokacin hunturu, ƙyalle na hannunsa na hagu kamar da shi aka haife shi. Ba mura yake yi ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, ko atishawar kirki babu. Ruwa ne fari tas, kamar hawaye, ke ɗigowa daga hancinsa da zarar iskar asuba ta buge shi, ko ya kai loma biyu ta tuwon da miyarsa ta ji yaji. Tsokanar jikoki ba ta dame shi ba. Sujada ce ta dame shi. Mutumin da ya shekara talatin a sahun gaba sai ga shi ya koma ƙarshen sahu dab da ƙofa, don kada ya ɗago ya bar ɗigo a inda wani zai aza goshi.

Ranar da ya same ni a shagon maganin da nake aiki a Birnin Kebbi, bai ko zauna ba ya zazzage baƙar leda a kan kanta. Kwalabe biyu suka gangaro, ƙanana, farare, kowacce da ɗan dogon baki.

"Ɗana, duba min wanga kaya. Duk na hanci ne, duk na fesa, ba wanda ya san da zamana."

A idon Kawu, da ma idon mafi yawan masu shigowa shagonmu, feshin hanci abu guda ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Nan kuskuren yake. Kwalaben sun yi kama, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban kamar taki da maganin ƙwari: duka a gona ake zubawa, ba aiki ɗaya suke yi ba.

Kafin a gane kwalba sai an gane hanci. Cikinsa lulluɓe yake da wata fata mai laushi da danshi, cike da ƙananan jijiyoyin jini da wasu 'yan mitsitsin ma'ajiyai masu fitar da majina. Lafiyayyen mutum yana samar da abin da ya kai kusan lita guda ta majina a yini, sai dai ba ya gani, domin wasu siraran gasu da ido ba ya iya gani suna tura ta baya zuwa maƙogwaro ana haɗiyewa ba a sani ba. Aikinta shi ne ta jiƙa iska, ta ɗumama ta, ta kama ƙura kafin ta isa huhu. To ka duba irin iskar da muke shaƙa daga Nuwamba zuwa Maris: busasshiya, mai sanyi da asuba, ɗauke da ƙurar Sahara wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ka ƙara da ƙaiƙayin sussukar shinkafa, da hayaƙin itacen girki, da na maganin sauro a rufaffen ɗaki. Hancin ɗan Kebbi a wannan lokaci ba ya hutu.

Idan abin ya wuce kima, ta ƙofa uku yake zuwa. Wani jijiyoyin jinin ne ke kumbura, hanya ta matse, shi ne toshewa. Wani jikinsa ne ba ya jituwa da ƙura ko furen ciyawa ko gashin dabba, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, a samu atishawa jere da jere, ƙaiƙayin hanci da ido, da ruwa. Shi ake kira alaji. Wani kuma ba wannan ba wancan: jijiyoyin saƙo ne ke ba ma'ajiyan majina umarnin su yi ta zuba, saboda sanyi, ko yaji, ko ƙamshin turare mai ƙarfi, ko kuma tsufa kawai. Na ce wa Kawu, kamar injin ban-ruwa ne da makunninsa ya saki, ɗan taɓi kaɗan sai ya tashi. Nan take ya gyaɗa kai.

Kwalbar farko ita ce wadda ya saya da kansa a wani kemis ranar kasuwa. Irin Otrivin ce, abin da ke cikinta a kwali an rubuta xylometazoline. Ba a neman takardar likita kafin a saye ta, kuma ita ce mutane suka fi so, don ba ta da wasa: ka fesa, kafin ka gama ɗaura igiyar takalmi hanci ya buɗe, ya kuma zauna a buɗe sa'o'i da dama. Matse jijiyoyin jini take yi. Ke nan maganin ƙofa ta farko ce, toshewa, wadda da ma Kawu ba shi da ita.

Ba nan ta tsaya ba. Takardar da ke cikin kwalinta ta ƙayyade kwanaki, wani kamfanin uku, wani biyar, wani bakwai. Dalili kuwa, jijiyar da aka saba matsewa da ƙarfi tana ramawa. Da maganin ya sake ta sai ta kumbura fiye da da, mutum ya sake fesawa, tazarar ta riƙa raguwa, daga sau biyu a yini ya koma sau shida, ya koma ba ya iya barci sai kwalba na ƙarƙashin matashi. Akwai wani direban babbar mota da ke zuwa mana kusan kowane mako, kwalba biyu yake saya, ɗaya ta aljihu ɗaya ta mota. Yakan ce murarsa ta shekara ba ta warke ba. Murar ta tafi tun tuni, kwalbar ce ta zama ciwon. Kawu ya yi kusan wata biyu yana fesa tasa. Yoyon na nan daram, ga toshewar dare ta ƙaru. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ba zan ɗora laifin duka a kan yaron kemis ba. Mu ma masu tsayawa bayan kanta, sau nawa muke miƙa wannan kwalba mu karɓi kuɗi ba tare da mun ce "kwana biyar ka aje" ba? Ba ma tambayar ko mai sayen yana da hawan jini ko ciwon zuciya, alhali su ne aka fi ja wa kunne a kanta. Rabuwa da ita kuma sai an daure: mako ɗaya ko biyu na toshewa mai takura kafin hanci ya dawo hayyacinsa. Wasu sukan fara yaye kafa ɗaya, in ta saba su yaye ɗayar.

Kwalba ta biyu maƙwabci ne ya ba shi. Ta ɗansa ce, mai aikin ɗora buhuna a injin casar shinkafa, wanda da ya shiga wurin aiki sai atishawa kamar ana buga ganga. Feshin sitiroyid ne, dangin su Nasonex da Avamys da Beconase. Ga mai alaji, a cikin duk abin da ake fesawa da wuya ka sami wanda ya fi shi, domin yana kwantar da kumburin daga tushe, ya rage atishawa da ƙaiƙayi da toshewa da ruwa gaba ɗaya. Amma shi mai nawa ne. Yana son kullum, ana jin ciwo ko ba a ji, kuma sai an yi kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin a ga cikakken amfaninsa. Wanda ya saba da Otrivin ya fesa wannan ya jira minti biyar bai ji komai ba, sai ya ce an sayar masa da ruwa. Kawu kwana biyu ya ba shi ya jefa a leda.

Akwai kuma masu jin kalmar sitiroyid su zabura, suna tuna 'yan matan da suka sha "sha ka fashe" fuska ta kumbura kamar alkaki. Gaskiya dangi ɗaya ne, amma abin da feshi ke saki ɗan ƙanƙane ne, a hanci yake aikinsa, wanda ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai idan an tsaya a kan adadin da likita ya rubuta. Abin da na fi ƙi a labarin wannan kwalba shi ne aron. Bakin da ya shiga hancin wani bai kamata ya shiga naka ba, ko da ɗanka ne.

Sai da na kai shi asibiti aka sami ta uku. Likitan bai yi gaggawar rubutu ba. Ruwan fari ne ko mai kauri? Kafa ɗaya ko biyu? Yana atishawa? Ido na ƙaiƙayi? Wane lokaci ya fi zuba? Ya taɓa faɗuwa a babur ya bugu a kai? Ya haska fitila ya leƙa ciki. Daga nan ya fara tambayar yadda fitsari ke fita, sai Kawu ya juyo ya dube ni.

"Ɗan ba mu wuri."

Na fita. Kunya tsakanin kawu da ɗan ƙanwarsa ba ta san asibiti ba. Tambayar kuwa tana da dalili, zan zo kanta.

Abin da aka rubuta masa shi ne feshin ipratropium, wanda da yawa suka sani da sunan Atrovent. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ne ya samar da sinadarin, aka yi masa rajista a 1966, aka fara amfani da shi a 1974, da farko don masu fuka da sarƙewar numfashi, daga baya aka yi na hanci. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san danginsa ko da bai san sunansa ba. Zaƙami. Wanda tsautsayi ya sa ya sha zaƙami, kafin sambatu, abin da ke fara bayyana shi ne baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, fitsari ya ƙi fita. Sinadaran da ke cikinsa, atirofin da 'yan uwansa, suna tare saƙon da jijiya ke aika wa duk wata ma'ajiyar ruwa a jiki. Daga atirofin aka ƙera ipratropium, aka canza masa fasali yadda ba ya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa kuma ba ya shiga jini sosai. Aka bar masa busarwar, aka cire masa haukan. In an fesa shi a hanci sai ya zauna a kan makunnin nan da ya saki, saƙo ya zo ya tarar an tare hanya, ruwa ya ragu.

Iyakar aikinsa ke nan, kuma ya kamata a faɗa da babbar murya. Ba ya buɗe toshewa. Ba ya hana atishawa. Ba ya kashe ƙaiƙayi. Ba ya warkar da mura ko rage mata kwana. Ruwa kaɗai yake tsayarwa, na 'yan sa'o'i, sannan a sake.

Ƙarfinsa biyu ne. Mai lamba 0.03% shi ne na masu yoyon yau da gobe irin Kawu, da alaji ko babu, kuma abin da aka saba rubutawa shi ne fesa biyu a kowace kafa, sau biyu ko uku a yini, daga ɗan shekara 6 zuwa sama. Mai lamba 0.06% ninkinsa ne, ana ba da shi don yoyon mura, sau uku ko huɗu a yini, ba a wuce kwana 4, ko don alajin da ke zuwa da yanayi, ba a wuce mako 3. Mai yoyon cin yaji likita kan ce masa ya fesa gabanin cin abinci. Ba kowane shago ke ajiye shi ba, mu ma sai da muka yi oda. Kuma a kula, akwai ipratropium na shaƙa ta baki da na zubawa a injin turara wa masu fuka. Suna ɗaya ne, amma ba a ɗura su a hanci.

Yanzu ga tambayar fitsarin. Ɗan abin da ke shiga jini yana iya ƙara wa dattijo mai kumburin furostet wahala, wato wanda da ma sai ya daɗe a bayi fitsari na fita da ƙyar. Haka mai wani nau'in gilakoma, ciwon da ruwan cikin ido ke matsa wa jijiyar gani. Shi ya sa ba a so ko ɗigo ya shiga ido: gani na iya dushewa, ƙwayar ido ta buɗe, haske ya dami mutum. In ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ya yi ja yana ciwo ana ganin zobe a kewayen fitila, ba a kwana, asibiti. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita halin da suke ciki tun kafin ya ɗauki biro.

Illar da muka fi gani kuwa ita ce bushewar hanci da haɓo, kuma nan ne yanayinmu ke shigowa. Maganin da aikinsa busarwa ne, a garin da leɓe ke tsagewa da kansa a watan Janairu, dole a bi shi da lura. A mako na biyu Kawu ya fara ganin jirwayen jini a ƙyallensa. Muka koma, likita ya rage masa zuwa sau biyu, asuba da gabanin abincin dare, ya ƙara masa feshin ruwan gishiri. Wannan ruwan gishiri, a ganina, shi ne abin da aka fi rainawa a cikin kayan hanci, ga shi ba ya kama mutum, yara da manya duk suna yi. Mai haɗawa a gida ya tafasa ruwan ya bari ya huce, kada ya ɗebo na rijiya ko na gulbi ya ɗura kai tsaye. Robb da Mentholatum da muke cusawa kuwa, sanyin da suke sa wa ne ke sa a ji kamar hanci ya buɗe, ba buɗewar gaske ba ce, kuma ba a sa wa jinjiri a hanci ko kusa.

Rabin jinin nan ma ba laifin maganin ba ne, laifin hannu ne. Na sa Kawu ya fesa a gabana. Ya ɗaga kai sama kamar mai duban jinjirin wata, ya cusa bakin kwalbar yana kallon tsakiya, ya danna, ya ja numfashi da ƙarfi kamar mai shaƙar taba, sannan ya yamutsa fuska ya ce ɗaci. Duk abin da ba a so ya yi shi a daƙiƙa uku. Ɗacin da ya ji shaida ce maganin ya wuce gona ya faɗa maƙogwaro. Bangon da ya raba kafofin hanci biyu kuma, gabansa cike yake da jijiyoyin jini a sama-sama, daga nan mafi yawan haɓo ke fitowa, kuma shi yake ta harbi kullum.

Sabuwar kwalbar ipratropium sai an danna ta sau bakwai a iska, nesa da fuska, har ta fara fitar da feshi mai laushi. In ta kwana ta yini ba a taɓa ta ba, sau biyu ya isa, in ta wuce mako a koma bakwai. Na sitiroyid kuma a girgiza shi tukuna. Sai a fyace a hankali, a ɗan sunkuyar da kai kamar mai duban yatsun ƙafarsa. Hannun dama ya yi wa kafar hagu, hannun hagu ya yi wa ta dama, da haka bakin kwalbar zai karkata waje da kansa, wajen kunne, ya bar bangon tsakiya. A danna, a shaƙa sannu kamar mai sansanar turare a shago. A goge bakin a rufe. In ya toshe a jiƙa shi a ruwan ɗumi, kada a soka masa allura, don ramin a gwaje yake. Kada kuma a bar ta a gaban mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura 40.

Da azumi ya matso, Kawu ya zo da wata tambayar, kuma ba nawa ba ne in yanke. Sanannen hadisi ne cewa mai alwala ya kai matuƙa wurin shaƙa ruwa sai fa in yana azumi, kuma malamanmu na Malikiyya suna ganin abin da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro yana karya azumi. Wasu malaman na wannan zamani sun sassauta a kan feshin da bai isa ba. Na ce ya tambayi limaminsu. Abin da na iya gaya masa kawai shi ne maganin sau biyu a yini yana shiga tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da an takura ba, na sitiroyid ma da yawansu sau ɗaya ne.

Mura ta yau da kullum ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙwayoyin bairos ne, iri fiye da 200, tana yin kwana 7 zuwa 10 ta tafi. Kafso na antibayotik ba ya taɓa ta, kuma majina ta koma ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta a fara shan sa, duk da haka ake ta saye.

Akwai dai yoyon da ba a fesa masa komai. Yaron da kafa ɗaya ce ke fitar da majina mai wari, a yi zaton ya cusa wani abu, ƙwayar gyaɗa ko wake ko dutsen wuya, in kuwa ɗan batirin agogo ne to kowace sa'a ɓarna ce, kuma ba a tono da tsinken tsintsiya. Wanda ya bugu a kai sannan ruwa fari mai ɗan gishiri-gishiri ya riƙa ɗigowa ta kafa ɗaya, musamman in ya sunkuya, yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ke tsiyaya, dalilin da ya sa likita ya tambayi Kawu batun babur ke nan. Murar da ta wuce kwana goma da ciwon fuska da zazzaɓi, ko fatar ido ta kumbura, ta likita ce. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da ƙagewar wuya a lokacin ƙura da zafi kuwa, mutanen Gwandu da Jega da Aliero da suka ga sanƙarau a farkon 2025 ba sai an yi musu bayani ba.

Kawu ya koma sahun gaba kafin ƙarshen hunturun. Ƙyallen na nan a aljihu, ya ce sabo ne. In za shi ɗaurin aure ko suna, inda ya san za a kawo nama da yaji, sai ya ratse bayan mota ya sunkuyar da kai ya yi abinsa, dama ga hagu, hagu ga dama.

Kwanan baya Inna, matarsa, ta kira ni a waya da murya a shaƙe. Mura ta kama ta, hanci ya toshe ɗam, ta ɗauko kwalbar Kawu daga saman sif ta yi kwana biyu tana fesawa.

"Kai, wanga maganin naku na ƙarya ne. Shi ya yi mai, ni ko gezau. Sai ma bushewa da ya ƙara min."

Na ji muryar Kawu daga nesa yana cewa a tambaye ta sau nawa ta danna, don saura kaɗan ta ƙarar masa, kuma odar sai ta yi mako.